Yadda Ake Fita da Iyali Cin Soyayyiyar Kaza a Birnin Kano

Masu karatu da dama, musamman magidanta matasa da waɗanda ke karɓar baƙi daga wasu garuruwa, sun yi ta tambayar yadda mutum zai ɗebi iyalinsa gaba ɗaya zuwa gidan cin abinci na soyayyiyar kaza, a ci a ƙoshi, a dawo gida ba tare da an ji kunya a gaban kantar biyan kuɗi ko an kwana da ciwon ciki ba. Yawancin abin da ke ɓata irin wannan fita tun daga gida yake farawa, domin sai a tashi ba a ƙirga mutane ba, ba a san abin da ke aljihu ba, kuma ba a tsayar da wanda zai yi magana da ma'aikata ba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, kuma an rubuta su da maigida a zuciya, amma uwargidan da za ta jagoranci tafiyar za ta iya bin su yadda suke.

1. Ƙirga mutane, sannan ka ƙirga yanka

A irin waɗannan gidaje ana sayar da kaza ne yanka-yanka, ko rabi, ko guda sukutum, ko kuma a haɗe cikin babban mazubi da aka tanada domin iyali. Kaza ɗaya idan aka sassara ta yadda aka saba tana ba da yanka 8: ƙirji biyu, cinya biyu, ƙwauri biyu da fiffike biyu. Wannan lissafin shi ne tushen komai, domin da shi za ka gane ko abin da aka rubuta a allon farashi rahusa ne ko kuwa ba rahusa ba ne.

Babba mai cin abinci daidai gwargwado yanka biyu sun ishe shi idan akwai shinkafa ko dankali a gefe. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai yanka ɗaya ya wadatar, tsohuwa ma sau da yawa ɗaya take iya ci, amma saurayi ko budurwa masu tasowa a ware musu biyu tun farko, kada a jira su nemi ƙari. Iyali mai mutum bakwai, wato maigida da uwargida da kakar yara da manyan yara biyu da ƙanana biyu, zai buƙaci yanka 11 ko 12, wanda ya yi daidai da kaza ɗaya da rabi.

Gargaɗi: fiffike ba ya cika yanka a cikin mutum. Idan mazubin iyali ya ce yanka goma, tambayi nawa ne fiffike a ciki, domin goman da huɗu daga cikinsu fiffike ne ba za su ciyar da mutum biyar ba.

2. Yi lissafin kuɗi tun kana zaune a gida

Farashin kaza a Kano yana tafiya ne da farashin masara da waken soya, domin abincin kaji shi ne mafi girman kaso na kuɗin da mai gona ke kashewa, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri da na janareta da na man suya duk sun hau kan farantin mai saye. Saboda haka farashin da ka sani watanni uku da suka wuce ba abin dogara ba ne. Ka buga waya ko ka duba shafin gidan abincin a Facebook ko Instagram, idan kuma hanyarka ce ta kasuwa ko ofis, ka tsaya ka karanta allon farashin da idonka kwana ɗaya kafin fitar.

Ga yadda lissafin yake tafiya, da alƙaluman da aka ɗauka domin misali kawai. A ce yanka ɗaya naira 2,000 ne, to yanka 12 sun kama naira 24,000. A ce farantin shinkafa naira 2,000 ne kuma an ɗauki huɗu domin ƙananan yara za su raba, an samu 8,000. Soyayyen dankalin turawa biyu a kan 1,500 kowanne ya zama 3,000, abin sha na mutum bakwai a kan 500 ya zama 3,500. Jimilla naira 38,500 ke nan. Manyan gidajen abinci suna karɓar harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, kuma idan ba a riga an saka shi cikin farashin allo ba, zai ƙara kusan naira 2,900 a kan wannan jimillar. Sai ka ɗora kuɗin abin hawa zuwa da dawowa, da ɗan abin da za ka ba mai gadin motoci, sannan ka riƙe rarar da ba ta gaza kashi goma cikin ɗari ba.

Abin sha ne ya fi fasa lissafi, domin kowane yaro zai so lemo na biyu da zarar yaji ya taɓa bakinsa. Ka sayi manyan robobin ruwa biyu a ɗora a tsakiyar tebur tun farko, lemo kuma ɗaya-ɗaya, a kuma sanar da yara haka tun a gida.

3. Zaɓi gidan da ya dace da iyali

Gidajen soyayyiyar kaza sun fi yawa a titin Gidan Zoo, inda babban kantin Ado Bayero yake, da unguwar Nassarawa da kewayen Bompai, da titin Murtala Muhammad, da titin Haɗeja, da kuma ɓangaren Kabuga da titin Jami'ar Bayero. Iri biyu ne. Akwai masu rassa a garuruwa da yawa, irin su Chicken Republic, inda ake bin layi a biya a kanta kafin a karɓi abinci a tire. Akwai kuma gidajen 'yan gari inda ake zama, ma'aikaci ya zo ya ɗauki oda, a biya bayan an gama ci. Na farkon sun fi sauri kuma farashinsu a rubuce yake, na biyun sun fi sauƙin roƙon a soya sabuwar kaza ko a rage yaji, kuma a nan ne aka fi samun wurin zama na iyali da aka keɓe.

Abubuwa huɗu za ka duba, kuma a ganina tsaftar bayan gida ce kan gaba, domin gidan da bai kula da wurin da kowane baƙo ke gani ba, da wuya ya kula da kicin ɗin da ba kowa ke shiga ba. Na biyu shi ne wurin wanke hannu mai ruwa da sabulu, tunda kaza da hannu ake cin ta. Na uku wurin sallah, a cikin gidan ko masallaci a kusa. Na huɗu kuma yawan masu saye: gidan da ake ciniki ba ya barin kaza ta daɗe a cikin akwatin gilashi, wanda ba a ciniki kuwa kazar rana ce zai sayar maka da daddare.

Game da yanka, babu laifi ka tambayi daga ina suke samun kajinsu. Shigo da daskararrun kaji daga ƙasashen waje haramtacce ne a dokar Najeriya, kuma gidan da ke sayen kaji daga gonakin cikin ƙasa ba ya jin nauyin amsa wannan tambayar. Ka kuma san irin kazar da za a ba ka. Yawancin gidajen suya kazar turawa ta nama suke amfani da ita, wadda ake yankawa tana da mako shida zuwa takwas, namanta na da taushi kuma ya dace da yara da tsofaffi. Wanda ya saba da kazar Hausa mai ƙarfin nama da ɗanɗano ya nemi gidan 'yan gari, ya kuma shirya biyan kuɗi mai ɗan yawa a kan nama kaɗan.

4. Rana da lokaci

Mafi kyawun lokaci ga mai ƙananan yara shi ne bayan sallar La'asar, a isa kafin ƙarfe biyar, a gama kafin Magariba. Lokacin zafin rana ya karye, cunkoson dare bai fara ba, kuma galibi a lokacin ake soya kazar yamma. Bayan sallar Isha'i, musamman daren Juma'a da Asabar da Lahadi, wuri yana cika da samari da masu sayen abinci su tafi da shi, layi ya yi tsawo, yara kuma su fara barci kafin abinci ya iso.

Ranakun sallah ƙarama da babba su ne mafi cunkoso a duk shekara, kuma a ranakun hawan sarki, irin su hawan Daushe da hawan Nassarawa, hanyoyin da ke kewayen fada da waɗanda hawan ke bi suna toshewa. Idan ba dole ba, a bari sai kwana huɗu ko biyar bayan sallah. A watan azumi kuwa, wanda ke son buɗa baki a waje ya ba da oda aƙalla minti arba'in kafin a kira sallah, domin kowa a lokaci ɗaya yake son abincinsa.

5. Hanya da abin riƙewa

Mai mota ya tabbatar gidan yana da filin ajiye motoci, domin ajiye mota a gefen babban titi na iya haɗa shi da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, kuma wannan kaɗai ya isa ya cinye kuɗin fitar. Wanda zai hau adaidaita sahu ya ɗauki shata, biyu idan mutum bakwai ne, a yi ciniki kafin a hau, a kuma karɓi lambar direban domin dawowa. A shekarar 2022 gwamnatin jihar ta hana zirga-zirgar adaidaita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka mai iyali kada ya dogara da samun abin hawa a cikin dare.

Abin riƙewa kaɗan ne: katin banki, tsabar kuɗi da za su biya aƙalla rabin lissafin, tishu ko ƙaramin tawul, da roba mai murfi idan ana sa ran raguwa.

6. Fara da wurin zama

Kuskuren da aka fi yi shi ne iyali gaba ɗaya su tsaya a gaban kanta, kowane yaro yana nuna abin da yake so a allo, layi ya taru a baya, maigida ya rikice ya sayi abin da bai yi niyya ba. Da an shiga, a fara zaunar da kowa. A zaɓi tebur na kusurwa, nesa da ƙofa da hanyar ma'aikata masu ɗauke da abinci mai zafi, a ba kaka kujera mai jingina wadda sanyin na'ura ba ya bugawa kai tsaye, ƙananan yara kuma a sa su ta ɓangaren bango. Idan ana buƙatar haɗa tebur biyu, a nemi izinin ma'aikaci. Uwargida mai niƙabi a ba ta kujerar da ke fuskantar bango domin ta ci abinci a sake.

Sannan a kai yara wanke hannu, da sabulu, kafin abinci ya zo.

7. A gaban kanta

Mutum ɗaya ne zai je, da babban yaro guda domin ɗaukar tire, kuma odar a rubuce take a takarda ko a waya. Ka yi sallama, ka ce sannu da aiki, sannan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a duk wannan fitar: "Malam, yaushe aka kwashe wannan daga mai?" Soyayyiyar kaza tana kan ganiyarta ne a cikin 'yan mintunan farko bayan an tsame ta. Idan ta daɗe a ƙarƙashin fitilar akwatin gilashi, ɓawon fulawar yana yin laushi ko ya yi tauri, ƙirjin ya bushe, man ya kwanta a ƙasan tire. Za ka gane tsohuwar suya da ido: launinta ya dushe, gefen ƙashin ƙwauri ya ƙanƙance ya yi duhu, kuma babu tururi idan an ɗaga yanka. Idan ma'aikacin ya ce akwai sabuwa a wuta, ka jira. Suyar yanka mai ƙashi a mai mai zafin digiri 170 zuwa 180 ba ta wuce kimanin kwata ɗaya na awa, kuma wannan jiran shi ne bambancin kazar da za a yi ta zancenta a gida da wadda za a bari a faranti.

Ka faɗi yankan da kake so da sunansu, kada ka ce kawai a ba ka goma sha biyu. Ƙwauri na yara ne domin yana da mariƙi. Cinya ta fi maiƙo da taushi, ita ce ta dace da tsofaffi. Ƙirji ya fi tsoka amma ya fi saurin bushewa. Wasu gidajen suna bambanta farashin yankan, don haka ka tambaya kafin a buga.

Sai batun yaji. A raba odar gida biyu, mai yaji da marar yaji, a kuma roƙi a sa su a mazubi dabam, domin idan aka haɗa su a tire ɗaya ba a iya bambancewa sai yaro ya gatsa ya fara kuka. Gargaɗi: yajin da ake barbaɗawa a gidajen 'yan gari galibi da ƙuli-ƙuli ake daka shi, wasu kuma da man gyaɗa suke suya, ɓawon kazar kuma na iya ƙunsar fulawa da ƙwai ko madara. Idan a cikin iyali akwai wanda jikinsa ba ya karɓar ɗaya daga cikin waɗannan, a faɗa wa ma'aikaci a sarari kafin a ba da oda.

A abin haɗawa, dafa-duka da soyayyiyar shinkafa sun fi riƙe ciki, dankali ya fi burge yara amma yana saurin hucewa, don haka a karɓe shi a ƙarshe. Haɗin kabeji mai mayonis kuwa a taɓa robarsa: idan ba ta da sanyi, a bar shi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40.

Kafin ka biya, ka ce a karanta maka odar, ka ji jimillar da kunnenka. Idan da kati ne kuma na'urar POS ta ƙi amma an cire kuɗi a asusunka, ka karɓi takardar da ta nuna cinikin bai shiga ba, ka ajiye ta domin bankinka, sannan ka biya ta wata hanyar. Idan transfa ce, a tura zuwa asusun da ke ɗauke da sunan gidan abincin, ka jira su tabbatar da shigar kuɗin. Rasit kuma kada ka bar shi a kanta.

8. Duba kazar kafin a raba

Da tire ya iso, a ƙirga yankan a gwada da rasit kafin kowa ya sa hannu, domin bayan an fara ci ba wanda zai iya tabbatar da cewa an rage ɗaya. Daga nan uwargida ko maigida ya ɗauki cinya mafi kauri ya tsaga ta har ƙashi. Naman da ya dahu fari ne ko ruwan toka, yana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi, ruwan da ke fita kuma garau yake. Idan naman yana da santsi, launinsa ja-ja, ruwan kuma da alamar jini, kazar ba ta nuna ba, domin ana so zafin cikinta ya kai digiri 74 kafin ƙwayoyin cuta irin su salmonela su mutu. A mayar da ita nan take, cikin ladabi, a nemi a sake. Amma ɗan duhu ko ja a jikin ƙashin kansa, alhali naman ya dahu, abu ne da aka saba gani a ƙananan kajin turawa saboda ɓargon ƙashinsu, kuma ba dalilin mayarwa ba ne.

Hanci ma yana da aiki a nan. Man da aka daɗe ana maimaita suya da shi yana ba kaza launi mai duhu da ɗaci-ɗaci da warin ƙauri, kuma yana kwanciya a maƙogwaro. Idan haka ta faru, a yi magana da manaja a gefe, ba tare da ɗaga murya a kan ma'aikacin da ya kawo tiren ba, domin ba shi ne ke yanke shawarar canza mai ba.

9. Rabo da ci

A fara da babba, a miƙa wa kaka nata da hannu biyu a ce, "Hajiya, ga taki, marar yaji ce," sannan a bi da sauran. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a zare masa naman daga ƙashi a yayyanka ƙanana, a bar shi ya ɗan huce, kada kuma a ba shi fiffike ko ɓangaren haƙarƙari, domin nan ne siraran ƙasusuwa suke. A ajiye faranti ɗaya a tsakiya domin ƙashi kawai. Gargaɗi: kada yaro ya ci yana gudu ko yana dariya da nama a baki. Idan ya shaƙe yana iya tari, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari ko magana, a sunkuyar da shi gaba a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau biyar, a kuma garzaya asibiti mafi kusa idan abin bai fita ba, ko kuma idan ya haɗiye ƙashi yana jin suka a maƙogwaro.

Wannan aikin na zare nama da goge hannun yara ya kamata maigida da manyan yara su ɗauke shi. An fito ne domin uwargida ta huta da tukunya, kuma abin takaici ne a ga ta gama ciyar da kowa sannan ta juyo ga kazar da ta riga ta yi sanyi alhali sauran sun fara neman tashi. A bar ta ta ci nata da zafinsa.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɓare fatar da ɓawon fulawar, domin a nan gishiri da mai suka fi taruwa, ya rage shinkafa, ya sha ruwa maimakon lemo.

10. Raguwa da tashi

A gidan da ake biya bayan ci, a nemi lissafi a rubuce, a bi shi layi-layi, musamman adadin abin sha da kuɗin robar ɗaukar abinci da wasu ke cazawa dabam. Ɗan ihsani ga ma'aikacin da ya yi hidima da kyau ba dole ba ne, amma yana da kyau a miƙa masa a hannunsa.

Abin da ya ragu a zuba shi a roba mai murfi, kaza dabam, shinkafa dabam, haɗin kabeji kuwa a bar shi a nan. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba tare da firji ba, a lokacin zafi kuma awa ɗaya ce, kuma lissafin yana farawa ne daga sa'ar da aka kawo abincin tebur. Don haka idan za a biya ta gidan 'yan uwa a yi hira, ko kuma babu wuta a unguwa kuma firjin ya huce, gara a ba da ragowar ga mai buƙata tun a bakin ƙofa tana da ɗuminta. Idan ta samu shiga firji, a cinye ta washegari, a ɗumama ta a kasko ko tanda har sai tururi ya fito daga tsakiyar naman, kuma ɗumi ɗaya kawai ake yi mata.